Ummusalma da Adireshin Hotunan Gangare

Duk wanda ya taɓa kai aikin bugu maɗaba'ar Madam Immaculata da ke Nasarawa Gwom ya san teburin da ke jikin taga ta biyu, ya kuma san matar da ke zama a wurin. Ita ce Ummusalma Sabi'u, wadda abokan aiki ke kira Maman Zahra. Siririya ce, ba ta da yawan magana, kuma ko rana ta take ba ka raba ta da rigar sanyi a ƙarƙashin hijabi. Takan ce ita sanyin Jos ta yatsu yake kama ta, ga shi da yatsun take neman abinci.

A Gangare aka haife ta, shekarar 1984. Kakanta daga Kazaure ya zo zamanin haƙar kuza, ya yi aure a nan, bai sake komawa ba sai dai ziyara. Mahaifinta Malam Sabi'u gyaran agogo yake yi a bakin titi, da ɗan akwatinsa na gilashi. Tun tana ƙarama idan ta kai masa abincin rana takan tsaya ta ga yadda yake jera ƙananan kusoshi a kan farin ƙyalle, kowanne bisa yadda ya kwance shi, har sai ya ce mata ta wuce gida kada a neme ta. Da ta gama sakandare ba a sami halin jami'a ba, sai ta shiga koyon buga rubutu a wani shagon kwamfuta kusa da Taminus. Shekara shida ta yi tana buga wa ɗalibai kundin kammala karatu, da takardun neman aiki, da katin biki. A cikin shekarun ne ta auri Haladu, mai sayar da dankalin Turawa a kasuwar Farin Gada, suka haifi 'yarsu ta fari Fatimatuzzahra, suka kama gida a layin da ke bayan gidan iyayenta.

A 2009 ta koma wurin Madam Immaculata. Ita Madam tun tana amarya mijinta Emenike ya kawo ta Jos daga gabas, kuma shi ya kafa maɗaba'ar. Da ya rasu mutane suka zaci za ta sayar da injuna ta koma gida, sai ta ɗaura zani ta zauna a kujerarsa. Ko a shekarun da gari ya rikice, mutane da yawa suka sauya unguwa, ita ba ta gusa ba, domin maƙwabtan shagon ne da kansu suka tsare mata ƙofa. Hausarta irin ta kasuwar Jos ce, mace da namiji duk "kai" ne a bakinta, amma babu wanda yake kasa gane abin da take nufi, musamman in ranta ya ɓaci.

Kwamfuta biyar ce a shagon, duk an haɗa su da waya. Babbar tana ofishin Madam, kuma a cikinta ake ajiye kowane aiki, cikin wata folda mai suna Aiki. Mutumin da ya yi haɗin ya raɗa wa babbar suna BABBA, ya kuma sauƙaƙa wa ma'aikata: a kwamfutocin gaba ya ba foldar nan harafin Z, ta yadda in ka danna Z ka shiga. Kowa ya saba da haka, babu mai tambayar me ke bayan harafin. Wata al'adar shagon kuma ita ce kowane aiki da foldarsa, a ciki kuma a buɗe wata ƙarama mai suna Hotuna. A ɗakin baya akwai Ikechi, magidanci mai furfura a gemu, shi ke riƙe da kwamfutar da ke fitar da shafukan gwaji da farantin bugu kafin a hau babban inji.

Ummusalma dai rubutu aka ɗauke ta bugawa. Tsara shafi da hotuna aikin Bot ne, wani ɗan Birom mai fara'a da ya fi kowa iya zaɓen launi. Amma teburinta na kusa da nasa, ita kuma ba ta iya ganin abu ta kau da kai. Cikin shekara biyu ta iya rabin aikinsa, shi kuwa bai taɓa yi mata rowar sani ba.

A farkon 2016 wani dattijo daga Gangare, Alhaji Zainulabideen Tanko, ya shigo da leda cike da ambulan. Ƙungiyar jikokin mahaƙan kuza ce ta ɗora masa haɗa littafin tarihin unguwa. Shekara uku ya yi yana bin gida-gida, har Bukuru da Barikin Ladi, yana roƙon tsofaffin hotuna. Wasu daga ƙasan adaka aka zaro su, wasu daga jikin bango, wasu ma sai da ya rantse zai mayar kafin aka ba shi. Hoto ɗari uku da goma sha biyu ya tara. Ummusalma ta san shi tun tana yarinya, abokin mahaifinta ne, don haka Baba take ce masa. Ita ta buga rubutun, Bot ya ɗauki hotunan da na'urar sikanin ɗaya bayan ɗaya. Na'urar lamba kawai take ba su, 001, 002, har zuwa ƙarshe. Da aka gama, Alhaji ya kwashe na asalin ya mayar wa masu su kamar yadda ya yi alkawari.

Littafin ya kusa kammala sai Bot ya sami aiki a Abuja. Ranar tafiyarsa ya kwafe komai daga ƙaramar kwamfutarsa ta hannu zuwa cikin BABBA, ya nuna wa Ummusalma inda ya ajiye, aka yi sallama cikin mutunci. Madam ta ce ba za ta ɗauki wani ba tukuna, Maman Zahra ta ƙarasa.

Ranar Litinin ta farko a watan Agusta ta buɗe littafin. Rubutu na nan yadda ta buga shi, amma duk inda hoto ya kamata ya zauna sai akwati fanko da jan tambari a kusurwa. Ta gangara shafi ɗari da tamanin, babu fuska ko ɗaya. Chinenye, mai karɓar baƙi a gaba, ta leƙo ta dafe ƙirji, ta ce ai shi ke nan, Bot ya tafi da hotunan, ga shi na asalin sun watsu a gidaje. Ummusalma ta juya ga kwamfutarta. Ta shiga Z, ta shiga Gangare, ta buɗe Hotuna, ta ƙirga: ɗari uku da goma sha biyu cif. Hotuna na nan lafiya, littafin ne bai gan su ba.

Ta kira Bot a waya. Yana cikin mota, amma ya gaya mata ta buɗe jerin da manhajar tsara shafi ke ajiye bayanin hotuna. A can ta ga abin da ba ta taɓa lura da shi ba duk tsawon zamanta kusa da shi. Ashe littafin ba ya haɗiye hoto a cikinsa, adireshi kawai yake riƙewa, duk lokacin da aka buɗe shi sai ya bi adireshin ya ɗauko. A gaban hoto na farko an rubuta C:\Bot\Gangare\Hotuna\001.jpg. Ta karanta shi daga hagu a hankali: a shiga C, wato cikin kwamfutar da ake kai, a nemi folda mai suna Bot, a cikinta Gangare, a cikinta Hotuna, sannan hoton. A kwamfutar Bot wannan hanya ce miƙaƙƙiya. A tata kuwa akwai C, amma babu wata folda Bot, don haka manhajar tun a mataki na biyu take tsayawa.

Ta nuna wa manhajar sabon wuri a cikin Z, ta fara da hoto ɗaya, da ya fito ta ce sauran su bi. Fuskoki suka cika shafuka, maza da kwanduna a ka, mata a bakin kududdufin wanke kuza, 'yan makarantar allo na 1950 da wani abu. Kafin azahar ta gama, ta tura shafi takwas na farko zuwa layin jiran kwamfutar Ikechi, don Alhaji ya ce zai zo da la'asar ya ga gwaji.

Ba a jima ba Ikechi ya fito yana goge hannu, ya ce manhajarsa ta ƙi, wai ba ta ga komai a Z ba. Ummusalma ta bi shi ɗakin baya ta danna Z a tasa kwamfutar, sai ga tsofaffin ayyukan faranti. A wurinsa Z wani akwatin ajiya ne da ke jone a gefen teburi, ba BABBA ba. A nan ta gane cewa harafin nan laƙabi ne kawai, kowace kwamfuta da abin da ta raɗa wa shi. Ta ce ko za a sauya nasa, ya ce sam, ayyukansa na shekara bakwai duk da wannan harafin suka san hanya.

Ta koma teburinta tana tunani. Tunda littafin da foldar Hotuna wuri ɗaya suke zaune, me zai sa a yi ta doguwar hanya? Ta yanke farkon adireshin gaba ɗaya, ta bar Hotuna\001.jpg kawai. Ta rufe littafin ta sake buɗewa, hotuna suka fito sarai. Ta ji daɗin dabararta, ta sake turawa. Wannan karon injin gwaji ya kama aiki ba tare da ƙorafi ba. Daidai lokacin hadari ya haɗo ta wajen Naraguta, Alhaji ya shigo da laima yana sauri, mai keken da ya kawo shi na jira a waje. Ikechi ya naɗe takardun ya zura a babbar ambulan, Ummusalma ta karɓa ta miƙa da hannu biyu, ba ta buɗe ba.

Alhaji har ya kai ƙofa, sai ya ce bari dai ya ga mahaifinsa kafin ya fita. Ya zaro shafi na uku, ya gyara tabarau, ya daɗe yana kallo. Sannan ya dawo ya shimfiɗa takardar a kan teburinta.

"'Yar nan," ya ce, murya ƙasa-ƙasa, "wannan shi ne Malam Tanko?"

A ƙasan hoton an rubuta: Marigayi Malam Tanko Kazaure, shugaban leburori, 1948. A saman rubutun kuwa wata jar kaza ce ƙosasshiya, ta karkata kai tana kallon mai ɗaukar hoto. Shafi na huɗu buhun abincin kaji ne a gurbin limamin unguwa. Shafi na shida kiret ɗin ƙwai. Chinenye ta toshe baki ta shige bayan kanta. 

Madam ta fito daga ofis, ta kalli takardar, ta kalli Ikechi. Shi kuma ya fara cewa ƙwayar cuta ce ta shiga kwamfuta, ya sha faɗa cewa injin nan yakan yi irin wannan haukan lokaci-lokaci. Madam ba ta saurare shi ba.

"Maman Zahra, kai ne ka yi wannan?"

"Ni ce, Madam. Ni na taɓa adireshin, kuma ni na miƙa ban duba ba." Ta juya wajen dattijon ta rusuna. "Baba, ka yi haƙuri. Hoton Malam na nan, babu abin da ya same shi. Jibi in sha Allahu zan kawo maka har gida, kuma zan zo da dalilin da ya sa haka ta faru."

Alhaji bai yi faɗa ba, kuma hakan ya fi yi mata ciwo. Ya ce shi dai amanar mutane ya ɗauko, da wannan takarda ta fita cikin unguwa da bai san inda zai sa kansa ba. Ya bar ambulan ɗin a kan teburin, ya buɗe laima ya fita cikin ruwa.

Da ta koma gida da yamma Haladu ya ga fuskarta ya tambaya. Ta ba shi labari, ya yi ƙoƙarin riƙe dariya har ta kuɓuce masa, ita ma sai da ta murmusa. Ya ce ko ta kira Bot ya zo ya gyara. Ta ce Bot bai taɓa yanke adireshi ba, ita ta yanke, ita za ta gano inda ya kai ta. Abu ɗaya ta riga ta sani: kazar nan ba daga sama ta faɗo ba. Da safiyar ranar Ikechi ya buga takardar tallan wani kamfanin abincin kaji, kuma aikin nan ma yana da foldar Hotuna, da lambobi daga 001 zuwa 012. Shafi takwas ɗin da ta tura hoto tara ne a ciki, duk lambobinsu akwai su a can, shi ya sa injin bai yi ƙorafi ba. Abin da ba ta sani ba shi ne me ya kai manhajar Ikechi gidan kaji, alhali tata manhajar ta je Gangare da adireshi iri ɗaya.

Washegari ta riga kowa zuwa. Ta yi hotuna uku farare, a na farko ta rubuta ƊAYA da manyan baƙaƙe, na biyu BIYU, na uku UKU, ta sa wa dukkansu suna ɗaya, 001.jpg. Ta kawar da hotunan gaske gefe don kada ta ɓata su. Ta ajiye ƊAYA a Hotunan Gangare, BIYU a Hotunan aikin kaji. UKU kuma ta buɗe masa sabuwar folda mai suna Hotuna a ainihin wurin da manhajar Ikechi take zaune a cikin kwamfutarsa. Da ya iso ta roƙe shi ya ba ta rabin awa. Ya ja kujera ya harɗe hannu, yana ganin ɓata takarda kawai za a yi.

Ta ce ya buɗe aikin kaji da hannunsa kamar jiya, ya rufe. Ta koma teburinta ta tura shafi na farko. Takarda ta fito da BIYU. Ta ce ya kashe manhajar gaba ɗaya ya sake kunnawa, kada ya buɗe komai. Ta sake tura shafin nan dai, ba ta canza ko ɗigo ba. UKU ya fito. Ikechi ya sauke hannunsa ya matso. Karo na uku ta ce ba za ta tura ba, shi ya shiga BABBA da kansa ya buɗe littafin daga foldar Gangare. ƊAYA ya fito.

Ta jera takardun uku a kan teburin Madam. Ta yi mata bayani cewa gajeren adireshi ba ya faɗin inda za a fara, yana faɗin inda za a bi ne kawai, don haka dole manhaja ta ƙara masa farko daga wurinta. Tata manhajar daga inda littafin yake take farawa, shi ya sa ta dace. Ta Ikechi kuwa daga inda take tsaye take farawa, kuma tsayuwarta na canzawa: in an kunna ta sabuwa tana gidanta, in an buɗe wani aiki da hannu sai ta koma can ta zauna, har sai an buɗe wani. Aikin da aka turo ta layin jira ba ya gusar da ita. Madam ta ce a sake faɗa mata da Hausar mutane.

"Madam, in na ce miki gida na uku bayan famfo, ban faɗi unguwa ba. Kina Gangare za ki shiga wani gida, kina Anguwan Rogo za ki shiga wani, kuma kowanne na uku ne bayan famfo."

Madam ta gyaɗa kai, ta tambaya to yanzu mene ne magani, tunda dogon ya ƙi, gajeren ya kawo kaza. Ummusalma ta ce dogon da ta fara sawa ba cikakke ba ne, da laƙabi ya fara. Tun jiya ta lura cewa a gefen harafin Z kwamfuta na nuna wani rubutu ƙanana da ba wanda ke karantawa, kuma shi ne sunan gaskiya na wurin. Ta ɗauki biro ta rubuta a bayan takardar UKU: \\BABBA\Aiki\Gangare\Hotuna\001.jpg. Ta nuna sanduna biyun da suka jingina a farko, ta ce su ke gaya wa manhaja cewa abin da ke biye sunan wata kwamfuta ce a kan waya, ba folda ba. Bayansa sunan foldar da aka buɗe wa kowa, sannan a gangara. Wannan adireshin bai damu da inda manhaja take tsaye ba, bai kuma damu da abin da kowa ya raɗa wa Z ba. Muddin BABBA na kunne kuma waya na jone, wuri ɗaya zai kai ka daga kowane teburi a shagon.

Ta gwada shi sau uku kamar yadda ta yi da farko, sau uku ƊAYA na fitowa. Sannan ta mayar da hotunan gaske, ta sauya adireshin duka ɗari uku da goma sha biyu, ta fitar da shafi takwas ɗin. Wannan karon ta tsaya a bakin injin tana karɓar kowace takarda, tana haɗa fuska da sunan da ke ƙasa. Ikechi ya ce ke nan kalandar cocin da ta fito da hoton wata makaranta shekara biyu da suka wuce ba ƙwayar cuta ba ce. Ta ce ba ƙwayar cuta ba ce. Ya ce a lokacin har sai da aka goge kwamfutar gaba ɗaya, ya yi kwana uku yana mayar da kaya. Ya girgiza kai, ya nemi ta rubuta masa adireshin a takarda ya manna a jikin bango.

Ranar Laraba bayan la'asar ta shiga Gangare da ambulan a cikin leda saboda yayyafi. Ta sami Alhaji a zaure, ta durƙusa ta gaishe shi, ta miƙa. Ya zaro shafi na uku. Malam Tanko na tsaye da gajeren wando da hular sanyi, hannu ɗaya a kan shebur, bayansa tudun jar ƙasa. Dattijon ya shafa takardar da yatsa, ya ce a ranar da aka ɗauki hoton nan shi yana goye. Sannan ya tuna mata cewa ta yi alkawarin dalili. Ta fito da takardun ƊAYA, BIYU, UKU, ta yi masa bayani kamar yadda ta yi wa Madam. Ya saurara har ƙarshe, ya yi tambaya biyu masu kyau, sannan ya ce shi abin da ya fahimta shi ne injin bai yi ƙarya ba, abin da aka gaya masa ya bi. Ta ce haka ne, Baba. Ya sa mata albarka, ya ce ta gaida Malam Sabi'u, sai kuma ya yi dariyar da ya riƙe tun Litinin, ya ce kazar dai ta ƙoshi, ba laifi.

An ƙaddamar da littafin a watan Nuwamba a filin wata makarantar firamare. Ummusalma ba ta hau kan mumbari ba, tana cikin mata a baya, tana jin yadda ake buɗe shafuka ana kiran sunayen kakanni. Kwafi ɗari biyar aka buga, babu hoto ɗaya da ya sauka a gurbin wani.

Daga nan Madam ta daina maganar ɗaukar wani a gurbin Bot. Ummusalma ta zama mai tsara shafi, kuma ta kafa doka biyu a shagon. Duk aikin da zai bi waya zuwa ɗakin baya, da cikakken suna mai sanduna biyu zai tafi. Duk aikin da mai shi zai ɗauka a filash ya kai wata maɗaba'a a Kaduna ko Legas, gajeren adireshi za a sa masa, a haɗa shi da hotunansa a folda ɗaya, domin a can babu wata BABBA, kuma a rubuta wa mutanen can su buɗe shi da hannu daga cikin foldar. Ba ta yarda a ce ɗaya ya fi ɗaya ba, kowanne da inda yake aiki. Ta kuma hana barin hoto da lamba zalla, sai an sa sunan aikin a gaba. Da Chinenye ta nuna sha'awa, ta zaunar da ita ta koya mata har da ɗigo biyun da ake sawa a farkon gajeren adireshi, masu nufin a koma folda ta sama kafin a gangara wata.

A 2021 BABBA ta tsufa ta fara ɗaukewa, Madam ta sayo sabuwa. Mai haɗawa ya zo zai sa mata wani dogon suna mai lambobi, Ummusalma ta tsaya a kansa ta ce BABBA zai rubuta, foldar kuma Aiki, harafi bisa harafi. Ya ce ai suna ba ya hana inji gudu. Ta ce ayyukan shekara biyar ne suka haddace wannan sunan, in ya canza shi zai zauna ya bi su ɗaya-ɗaya. Ya rubuta yadda ta ce, aka kunna, tsofaffin ayyuka suka buɗe kamar ba a taɓa komai ba.

Yanzu sunanta ya zaga. Masu ɗakin hoto a Anguwan Rogo, da masu haɗa bidiyon biki, da wata makaranta mai zaman kanta da takardun sakamakonta suka daina nuna hoton ɗalibai, duk sun taɓa aiko mata. Ranar Asabar takan hau keke ta je, ta nemi a nuna mata jerin adireshi kafin ta taɓa komai, kuma da wuya ta wuce awa guda. Wasu kan yi mamakin ganin mace da hijabi da rigar sanyi ta zauna a kujerar da injiniyoyi biyu suka gaza suka tashi a kai, ita kuwa aikinta take yi ta tafi.

A watan Satumban bara 'yar Madam ta haihu a Enugu, Madam ta shirya tafiyar wata uku don ta yi mata wankan jego. Tunda mijinta ya rasu ba ta taɓa barin shagon fiye da mako biyu ba. Ranar Juma'a da za ta tafi ta kira Ummusalma ofis, ta zaro tarin mukullai daga jaka ta ajiye a gabanta, ta nuna mata na ƙofar gaba, na ɗakin takarda, da na janareta. Ummusalma ta ce ai Ikechi ya girme ta, ya kuma riga ta zuwa. Madam ta ce da Ikechin suka yanke shawara, shi ya fara kawo sunanta.

Ranar Litinin ƙarfe bakwai da rabi ta buɗe ƙofar. Lokacin kalanda ya kama, mutum huɗu na tsaye suna jira, ɗaya da hotunan ƙungiyar direbobi, ɗaya daga wata coci a Tudun Wada, biyu daga makarantun Islamiyya. Ta gaishe su, ta ce su shigo daga sanyi, ta kunna fitilu, ta ce wa Chinenye ta fara karɓar na wanda ya riga zuwa.